Kuɗina sun shiga gidan, sunana bai shiga takarda ba

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari?

Daga birnin Dalas na jihar Teksas a Amurka nake rubuto miki. Shekararmu 11 da aure, 'ya'yanmu uku. Haya ta ishe mu, muka yanke shawarar sayen gida ta hanyar banki. A kuɗin kafin alƙalami ni na zuba dala 14,000: kwasar adashina biyu, da sarƙar gwal ɗin da Hajiyarmu ta ba ni ranar kai ni. Da hannuna na miƙa ta aka ɗora a sikeli, ban ma iya kallo ba.

Matsalar daga makin biyan bashi ta taso, wato makin da bankuna ke dubawa su ga yadda mutum ya saba biyan bashi kan lokaci. Nawa ya yi ƙasa, saboda wani kuɗin asibiti da na yi jinkirin biya. Ma'aikacin bankin ya ce idan mata da miji suka nema tare, makin mai rauni ake dubawa wajen yanka farashi, don haka gara Abban yara ya nema shi kaɗai. Na yarda. Sai kuma aka turo min takarda in sa hannu cewa kuɗina kyauta ce na ba shi, ba rance ba. Nan jikina ya fara sanyi.

Da na bincika, ashe takardar bashi daban, takardar mallaka daban. Mace na iya kasancewa cikin masu gida ko da ba ta cikin masu bashi, in bankin ya amince. Na kuma ji Teksas na cikin jihohi tara da doka ke ɗaukar abin da aka samu cikin aure a matsayin na biyun, kuma ba zai iya sayar da gidan da muke ciki ba sai da sa hannuna. To amma Anti, 'yan uwansa da ke gida takarda suka sani. Yau in ta Allah ta kasance, tumunin takaba za su nuna min, alhali gumina na ciki.

Na tayar masa da zancen bayan isha'i. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ba ki yarda da ni ba ke nan?" Daga baya ya sauko, wai a bari a kammala sannan a ƙara sunana, tunda wata doka ta 1982 ta hana banki neman kuɗinsa gaba ɗaya saboda kawai miji ya saka sunan matarsa a takardar mallaka. Gaskiya ne, amma na san "gobe" ɗinsa. Famfon kicin ma shekara guda yana jiranta.

Mutumin kirki ne, ba na son ya ga kamar mutuwarsa ko saki nake hange. Saura kwana 20 a sa hannu. In dage sai sunana ya shiga tun yanzu, ko in sa Yayana ya yi masa magana? Kuma wannan takardar kyautar, in na sa hannu, haƙƙina ya faɗi a Musulunci?

Taki,
Maman uku, daga Dalas