Wannan shawarar lamineshin ɗin cutar mutane za ta yi

Assalamu alaikum Edita,

Gaskiya raina ya ɓaci da shirinku na ranar Asabar, wajen da baƙon nan ya ce wai duk mai tsohuwar takarda ya kai a yi mata lamineshin, wato a manne ta cikin leda da zafin inji, ya huta. Ya huta da me? Shi kuma mai gabatarwa ko tambaya ɗaya bai jefa masa ba, sai "haka ne, haka ne" kawai.

Ni na yi, shi ya sa nake magana. Bayan rasuwar mahaifinmu na kwashi takardu 14 da ya rubuta da hannunsa na kai aka yi musu, a ganina gata na yi musu, ashe zafin injin yana narkar da gam ya shige jikin takardar, a wasu ma tun a ranar tawada ta baje. Yau shekara 6, gefen ledar ya ɗago, danshi ya shiga ya zauna, fumfuna tana cin rubutun Baba daga ciki ina ji ina gani, kuma ba damar ɓarewa don kana ja rubutun zai biyo ledar. Waɗanda na manta da su a cikin fayil kuwa suna nan ƙalau, ko gara ba ta taɓa su ba. Har yanzu na kasa nuna wa yayata.

Sai daga baya na karanta cewa manyan wuraren adana takardun tarihi a Amurka sun yi irin wannan lamineshin tun wajen 1930 da wani abu, suka zo suka daina da suka ga ɓarnar da yake yi. Masu aikin adana takardu ba sa son yi wa takarda abin da ba za a iya warwarewa ba. Haka salatif ɗin da baƙon ya ce a liƙe shafin da ya yage, ai duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafi ya ga yadda yake zama ruwan ɗorawa ya faɗi ya bar tabo. Abin da ya kamata ya faɗa bai faɗa ba, a ɗaga littafi daga ƙasa, a raba shi da bango mai danshi da hasken rana, in ya jiƙe kar ya wuce kwana 2 a haka, ko a shanya shi a inuwa ko a sa shi a firiza.

Don Allah ku gyara a shiri na gaba, mutane nawa ne suka ji suka tafi yi?

Sannan wannan layin wayar naku, sau 9 na kira ranar bai shiga ba, amma kullum mutum ukun nan dai su ne ke samu. Yaya ake yi ne?

Naku,
Mai sauraro