A daina cakuɗa addinin Buddha da na Hindu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci kan abin da nake yawan gani a labaran ƙetare da ake rubutawa da Hausa. Da zarar an ambaci Myanmar ko Sri Lanka, sai a tattara mabiya addinin Buddha da 'yan Hindu wuri guda, a ce musu masu bautar gumaka, a wuce. Ni tsohon malamin tarihi ne, abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wanda ake kira Buddha mutum ne, sunansa Siddhartha Gautama, ɗan gidan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Yana da shekara 29 ya bar fada da matarsa da ɗansa don neman sanin dalilin tsufa da ciwo da mutuwa. Ya shekara 6 yana gana wa jikinsa azaba da yunwa, sannan ya yanke cewa ƙuntata kai da holewa duk ba sa kai mutum ko'ina, sai tsaka-tsaki. Mabiyansa sun ce a ƙarƙashin wata bishiya a Bodh Gaya ta Indiya idonsa ya buɗe.

Koyarwarsa ta tsaya kan abu 4: rayuwa ba ta rabuwa da wahala, wadda suke kira dukkha; kwaɗayi da ƙulafuci ne tushenta; ana iya kashe kwaɗayin; hanyar kuwa rassa 8 gare ta, ciki har da gyara harshe, tsarkake sana'a da horar da zuciya ta zaman tunani. Wanda ya kai ƙarshenta, in ji su, ya samu nirvana, ya fita daga zagayen mutuwa da sake haihuwa.

Lallai sun yi tarayya da 'yan Hindu a wannan zagaye da kuma karma, wato aiki yana bin mai shi. Amma Buddha bai karɓi littattafan Veda, wato littattafan addinin Hindu, a matsayin hujja ba, ya ce babu wani rai dawwamamme a cikin mutum, bai kuma yarda haihuwa ce ke fifita wani a kan wani ba. Wannan batu na ƙarshe ne ya ja Dakta Ambedkar, jagoran rubuta tsarin mulkin Indiya, ya koma addinin Buddha a Nagpur a 1956 tare da dubban ɗaruruwan 'yan Dalit, waɗanda ake ƙyamar ko taɓa su. Yau a Indiyar ma mabiyan Buddha ba su kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ni Musulmi ne, kuma aƙidar da ba ta tsaya kan Mahalicci ba ta yi hannun riga da tawa. Mabiyan addinin suna rusuna wa mutum-mutumin Buddha, suna ajiye masa furanni, wannan ba ɓoyayye ba ne. Sai dai ga amfanin sanin dokokinsu ga ɗan jarida. Kowane mabiyi yana ɗaukar alkawari 5: ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba maye. Limamansu na ɓangaren Theravada, wanda ake bi a Myanmar, dokoki 227 ne a kansu, ba sa ko cin abinci bayan rana ta take tsaka. To, a 2017 sojojin ƙasar sun kori Musulmi 'yan Rohingya sama da 700,000 daga jihar Rakhine zuwa Bangladesh, bayan shekarun da limamai irin su Wirathu suka yi suna hura wutar ƙiyayya. Wanda ya san alkawarin farko zai iya tuhumar su da dokar da bakinsu ya furta, tuhumar da ta fi zagi nauyi.

Don haka ina roƙon wakilanku, in labarin ya zo, su faɗi ko wane addini ne, wane ɓangare, kuma su wa suka yi aika-aikar.

Naka,
Wani malamin tarihi mai ritaya