Baba Sarsan ya rasu ba wanda ya ɗauki muryarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan shirin da kuka gabatar kwanan baya game da kisan gillar barikin Caroy, kusa da Dakar, inda ranar 1 ga Disamba 1944 sojan Faransa suka buɗe wuta a kan nasu sojoji baƙar fata da suka fito daga hannun Jamus, don kawai sun nemi haƙƙinsu. Kun kyauta da kuka tuna mana cewa sai a Nuwamban 2024, bayan shekara 80, shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa. Amma da kuka buɗe layi, wani matashi ya bugo ya ce duk wanda ya taɓa sa kakin Faransa karen farautar Nasara ne, mai gabatarwa kuwa bai ce masa uffan ba. Na ji wannan magana ina zaune a zauren gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram, a kan tabarmar da muka karɓi gaisuwar rasuwar yayan mahaifina, tsohon sojan da duk unguwa ke kira Sarsan, alhali ko sadakar arba'in ba a yi ba.

Ba shi ya haife ni ba, amma shi ya riƙe ni tun ina ƙarami da mahaifina ya kwanta dama, saboda haka ina ganin wajibi ne in faɗi abin da na sani, mai daɗi da marar daɗi. Zan fara da marar daɗin: ba a ɗaure shi da igiya aka kai shi soja ba. Da ƙafarsa ya je barikin da Faransawa suka sa wa sunan Kazamaju, hafsan nan nasu da aka kashe a garin nan a 1898, kuma ya san sarai cewa sa'o'in kakansa sun tari waɗannan mutane da yaƙi a Tirmini a 1899, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. In an tambaye shi dalili, amsarsa ɗaya ce: haraji a kan tsoho, rumbu babu hatsi, ƙanne kuma sun yi yawa. Ban taɓa jin ya yi alfahari da wannan tafiya ba, ban kuma taɓa jin ya nemi a tausaya masa ba.

Jirgin ruwa ya ɗauke su ta mashigin Suwes har Saigon, shi da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin damina ba. Labarin Indoshin, wato yankin Vietnam, yakan ba mu shi da dare in ya ga dama: fadamun shinkafa da ake shiga har ƙugu, matsattsaku, zazzaɓi, da mutanen da ke noma da rana su yi yaƙi da dare. Yakan ce tun kafin tungar Faransawa ta Diyan Biyan Fu ta faɗi a watan Mayun 1954 ƙananan sojoji sun gane cewa mai ƙasa ba ya gajiya. Aljeriya kuwa, inda aka sake tura shi bayan yaƙi ya ɓarke can a ƙarshen wannan shekara, ba ya maganarta sam. Sau ɗaya tak, ina saurayi, na matsa masa, ya ce mini daga inda suke gadi suna jin kiran sallar ƙauyen da aka ce su kewaye, sa'an nan ya tashi ya yi alwala. Ban sake tambaya ba. Matarsa ta fari ta gaya mini daga baya cewa shekara da shekaru yakan farka tsakar dare cikin gumi, ya fita tsakar gida ya zauna har asuba.

Wanda ya kira su karnukan farauta ya kamata ya san ladan da aka ba su. Wata doka ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka sami ƴancin kai, ya tsaya cik inda yake, na Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya kuwa yana ƙaruwa tare da tsadar rayuwa. Sai a 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke, a ƙarar wani tsohon soja ɗan Senegal mai suna Amadu Diop, cewa wannan wariya ce. An ɗan gyara a 2007, ba a daidaita sosai ba sai daga Janairun 2011, shi ma sai wanda ya rubuta ya nema. Kafin nan yawancin abokan Baba suna kabari. Ya kamata kuma a tuna cewa da aka kafa rundunar sojan Nijar a 1961, da irin waɗannan mutane aka kafa ta, kuma tsohon shugaban ƙasa Janar Seini Kunce kansa ya yi Indoshin da Aljeriya a cikin wannan kaki.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne abin da ya yi bayan ya tuɓe kakin. An yi masa tayin aikin gardi ya ƙi, ya ce ya gama riƙe bindiga a kan ɗan Adam. Da tuƙin da ya koya a soja ya riƙa jan motar gyaɗa zuwa Kano, a zamanin da gyaɗar Damagaram ke bin jirgin ƙasa daga can zuwa teku. Ɗan fanshon nan da bai taka kara ya karya ba, bai taɓa sayen babbar riga da shi ba. Da kaka yake zuba shi a hatsi, tiya bayan tiya, ya rufe rumbu ya rataya makulli a wuyansa. Muna yara mun ɗauka rowa ce. Da yunwar El Buhari ta zo a 1984, danginmu na wajen Tanut da dabbobinsu suka ƙare suka sauka gidanmu, tukunya ba ta sauka daga murhu ba har damina ta kama, ba a kuma tambayi kowa ranar komawarsa ba. Ƴaƴansa mata duka ya sa su lakwal a lokacin da maƙwabta ke ganin haka zubar da mutunci ne, ya kuma hana a cire ko ɗaya don aure kafin ta gama. Da safe lakwal, da yamma allo, ni maraya da ƴaƴan cikinsa kwano ɗaya, bulala ɗaya. Zaurensa kuma ya zama ofishin unguwa, domin da ɗan Faransancin bariki yake karanta wa mutane takardar kotu da ta asibiti, bai taɓa karɓar ko dala ba.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na yabi nawa fiye da kima. Yana da zafin rai, gidansa kuma bariki ne: wanda rana ta fito masa a kan shimfiɗa ya san sauran, wanda ya zubar da ruwan garuwa a banza kuwa, a wannan gari namu da ƙishirwa ta daɗe tana gasawa, gara a ce kuɗi ya ɓatar. Akwai cikin ƴaƴansa wanda bai saki jiki da shi ba sai da tsufa ya tausasa shi.

Ga roƙona gare ku. Waɗanda suka ga Indoshin sun kusa ƙarewa, waɗanda suka yi yaƙin Aljeriya ma ƙaraminsu ya haura 80. Kuna da na'urar ɗaukar magana, kuna da wakilai a Mirya, Magarya, Matamaye da Gure. Ku aika su su zauna da waɗanda suka rage, su yi hira da Hausa, ba a ranar biki ba da ake jera su da lambobi a ƙirji a ɗauki hoto a watse. Ku yi hira da matansu ma, waɗanda suka yi zaman jira suka kuma yi jinyar abin da yaƙi ya dawo musu da shi. Jami'ar garin nan na iya adana kwafin. Sa'an nan ku gayyato wanda ya san doka ya yi bayani dalla-dalla a kan haƙƙin matan da mazansu suka rasu, domin mu kanmu mun fara zirga-zirga a kan na Inna, matar da ya bari, kullum ana ce mana a kawo takardar aure, alhali an ɗaura auren nan a zaure, da goro da shaidu, babu wanda ya rubuta komai.

Akwatinsa na ƙarfe yana nan a ɗakin Inna. A ciki akwai littafinsa na soja da gara ta ci gefensa, lambobi uku da igiyoyinsu suka koɗe, da hoton wasu samari su biyar a bakin wani kogi, waɗanda yanzu ba mai iya gaya mana sunan huɗu daga cikinsu. In wakilinku zai zo, Inna ta ce ya zo da hantsi, lokacin ne ta fi jin ƙarfin magana, kuma ya taho da matashin nan da ya bugo waya in kun san inda yake.

Allah ya jiƙan Baba Sarsan, ya yafe masa kurakuransa. Wassalam.

Mai sauraronku,
daga unguwar Birni, Damagaram