Wasiƙa ga ɗiyata a kan wake, ganye da kuɗin cefane

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona. Mu nan Kano sai godiya, sanyi ne dai ya fara leƙowa.

Na saurari saƙonki a kan kantin nan na Abuja mai kayan miyar da ake liƙa wa takardar oganik, wato waɗanda aka noma ba takin zamani ba maganin feshi. Da kika faɗi kuɗin ɗaurin alayyahu ɗaya, sai da na sa ƙaninki ya sake kunna min, na ɗauka kunnena ne. Ban ga laifinki ba, tsoron maganin feshi ba tsoron banza ba ne. Amma albashinku ba zai kai ƙarshen wata a haka ba. Kuma abin da suke tsawwala wa kuɗin nan, shi muka tashi muna ci a gidan kakanki, inda takin gona kashin shanu ne da tokar murhu.

Wake ya fi damuna. Wasu 'yan kasuwa suna yayyafa masa Sniper don kada ƙwari su ɓata musu kaya, kuma ragowar irin wannan maganin ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. In kin je saye, ɗebi cikin tafi ki shinshina. Kika ji warin fiya-fiya, zubar ki yi gaba. Ni dai wake mai huji ɗaya-biyu ya fi kwanta min a rai, a kan wanda kaka ta wuce da wata shida amma ko ƙwaro ɗaya bai yarda ya kusance shi ba.

Yanzu da ake cikin kaka, ki haɗa kuɗi da maƙwabtanki biyu ko uku, in sa a sayo muku buhu a kasuwar hatsi ta Dawanau, sabon shigowa daga gona, ku raba da kwano. Ki shanya shi har sai kin ciza kin ji ƙas. Sannan ki ɗura a busasshiyar jarka, ki cika ta taf, ki sa leda a baki kafin ki murɗa murfin. Ƙwaro sai da iska yake rayuwa, in ya rasa ta shi ke nan. Buhun PICS mai leda biyu a ciki ma dabararsa ke nan. Kada dai ki riƙa buɗewa kullum. Ki ware na wata guda daban.

Ayaba kuwa, hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta sha gargaɗi kan masu nunar da ita da sinadarin kabayid. In kin ga jikinta ya yi rawaya amma wuyan kore ne shar, ki ƙyale. Sayi ɗanya, ki rufe ta a kwali, ta nuna da kanta.

Ganye bai kamata ki saya ba ma. Buhunan siminti uku a bayan ɗaki, ƙasa da kashin kaji wanda ya ruɓe, kin sami alayyahu da rama da yakuwa. Latas da kabeji da ake ci ɗanye, ki tambayi mai kayan da wane ruwa ake ba su, don kin san ruwan ƙazantar da ke gudu a rafin Jakara nan Kano, kuma ana ban ruwa da shi. Wankin ruwan gishiri yana rage na saman ganye ne kawai.

Shinkafa da albasa, sayi na kasuwa hankalinki kwance. Tumatir ki jira rani kuɗinsa ya faɗi, ki yanka ki yi kauɗa a kan tabarma mai tsabta.

Kawunki zai shigo Abuja ranar Laraba. Na ba shi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da irin zogale a ƙulle cikin leda. Ki ba shi jarkata ta bara ya dawo min da ita. A shafa min kan angon.

Mahaifiyarki.