Harsashin da ya shiga ta baya, wane irin kare kai ne?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun daren Talata maganar baƙon nan na shirinku na rediyo ta tsaya mini a wuya. Wai duk wanda ɗan sanda ya ce ya tsaya ya ƙi, shi ya sayi abin da ya same shi da kuɗinsa. Mai gabatarwa ko tari bai yi ba, ya ce haka ne ranka ya daɗe, aka tafi talla. Haba jama'a!

Ɗan yayata ɗan acaɓa ne, shekararsa 22. Bara da damina, bayan isha'i, ya hango shinge a hanyar ƙauyenmu, irin na gungume da tsohuwar taya. Takardun mashin sun ƙare, aljihu babu na goro, sai ya juya kan mashin. Laifi ne, ni ma na faɗa masa a gaban uwarsa. Amma harsashin ta bayan cinya ya shiga, ya fito ta gaba. Ni na riƙe fitilar waya ana wanke ciwon. Wandon yana nan a ƙasan adakar yayata, ta ƙi yarda a ƙone shi: hudar baya ƙarama, ɗan yatsa da ƙyar zai shiga, ta gaba kuwa a yage take. Washegari a caji ofis aka dube ni ido cikin ido aka ce yaron ne ya taso zai banke su, suka kare kansu. Na ce, yallaɓai, da baya ake banke mutum? Aka ce in iya bakina. Yau yaron da sanda yake tafiya, mashin kuma an sayar an biya kuɗin magani.

Baƙonku ya yi ta kiran sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 kamar wani laya. Gaskiya ne sashen ya ambaci kare rai da dukiya, da kama mai laifi ko hana wanda ke tsare tserewa, da kwantar da tarzoma. Sai dai ya haɗiye sharaɗin da ke jikinsa, cewa ƙarfin ya tsaya iya wanda doka ta yarda kuma ya zama dole. Ina dolen harbin yaro saboda takardar mashin? Ba lamba a jikin mashin? Ba a san gidansu ba?

Kuma da alama ilimin malamin ya tsaya ne a kan tsohon umarni mai lamba 237 na rundunar 'yan sanda, wanda ya sakar wa ɗan sanda mara ya harbi mai gudu. An sauya shi tun 2019, zamanin Sufeto Janar Mohammed Adamu. Sabon ya bi ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1990: ba a harbi don kisa sai in babu wata makawa wajen ceton rai. Wannan takardar 'yan sanda ce, ba ta 'yan kare haƙƙin ɗan Adam ba. Me ya hana mai gabatarwa ya karanta ta kafin ya zauna gaban makirfo?

Wannan kalma ta kare kai mun daɗe da jin ta. A Yunin 2005 aka kashe matasa shida a Abuja, biyar daga cikinsu 'yan kasuwar Apo, aka ce 'yan fashi ne, su suka fara buɗe wuta. Sai a 2017, bayan shekara 12, kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Iyayen da ba su da bakin magana kamar yayata fa, wa zai yi musu zaryar kotu shekara 12? Kuma in talaka ne ya ce ya kare kansa, da ma'aunin gwal ake auna shi: shin akwai hanyar gudu, shin sara ɗaya bai isa ba, me ya kai na biyu. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wato final kod (Penal Code), ta ce kada ka yi ɓarnar da ta wuce buƙatar kariyar. To mai kaki shi ma a ɗora shi kan wannan sikelin mana. Shi ne ma aka horar, shi ke cin albashi a kan riƙon bindigar.

Na san ana kashe 'yan sanda a bakin aiki, maƙwabcina ɗan sanda ne, na ga matarsa ba ta barci in yana aikin dare. Wanda aka nuna wa bindiga ya harba, babu mai ganin laifinsa. Yaron da ya ba ka baya bai nuna maka komai ba sai ƙeya.

Af, asibitin farko da muka je sun ce sai da takardar 'yan sanda za su taɓa shi, alhali tun 2017 akwai dokar da ta ce a fara ceton wanda aka harba. Wannan ma ko a bakin baƙon naku ban ji ba.

Sannan don Allah ku duba lamarin layin wayarku. Na kira sau tara, katina ya ƙone a jiran banza, amma tallan maganin basir sau huɗu aka sa cikin shirin minti 45. Ku maimaita shirin, ku kawo lauya ya zauna kusa da mutumin nan, ku bar layi a buɗe. In kuna so zan zo da wandon.

Mai sauraronku,
daga Zariya.