Kafin ka sayi sabon rimot ɗin mota, ka san abin da za ka iya saitawa da hannunka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu masu sana'ar wayarin mota da yankan makulli, don mu amsa wata tambaya da masu motoci ba sa gajiya da yi mana. In rimot ɗin mota ya ɓata ko ya lalace, mutum zai iya sayen sabo ya saita shi da kansa, ko dole sai an kai wa mai kwamfuta? A motoci da yawa da ke yawo a titunanmu zai iya, ba tare da ko sukundireba ba. Amma yawancin asarar kuɗin da ake tafkawa a wannan harka daga abu guda take tasowa, wato rashin sanin cewa makullin motar zamani abu uku ne a jiki ɗaya.

Akwai ƙarfen da ake yankawa, wanda ke juya kwaɗo. Akwai rimot, mai maɓallan kullewa da buɗewa, wanda ke aiki da ƙaramin batir. Sai kuma wata 'yar ƙwaya da aka binne cikin robar kan makullin, wadda wasu ke kira cip, wasu su ce sensa. Ita ba ta da batir. Wani zoben waya da ke kewaye da ramin makulli ne yake ba ta wuta idan an murɗa, ita kuma ta faɗa wa ƙwaƙwalwar mota lambarta. In lambar ba ta cikin waɗanda motar ta sani, inji zai yi ta juyawa bai kama ba, ko ya kama ya mutu nan take. Rimot da wannan ƙwaya ba su san da zaman juna ba, ko da kuwa suna cikin kwanso ɗaya. Shi ya sa za ka ga mutum ya saita rimot, ƙofofi suna kullewa suna buɗewa, amma mota ta ƙi tashi, ya koma yana rigima da mai shago cewa an sayar masa da jabu. Kayan lafiyarsu lau, rabin aikin ne kawai aka yi.

A Turai tun 1998 doka ta wajabta wa sababbin motoci wannan tsari na hana sata, don haka kusan duk 'yar Beljiyam da aka ƙera bayan nan tana da shi. Amurka ba ta yi irin wannan doka ba, shi ya sa ake samun wasu motocinta na farkon shekarun 2000 da makullinsu ƙarfe ne zalla. Mai son ya gane na motarsa ya naɗe kan makullin tam da takardar alminiyam irin ta gashin kifi, ya bar ƙarfen a waje, ya gwada tayarwa. In ta ƙi, akwai ƙwaya.

Kafin a kai ga sayen sabo, a fara da batir, domin rimot da yawa da aka yanke wa ƙauna batir ne kawai ya mutu. Lambar da ke jikinsa girmansa take faɗa. CR2032 faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3.2, CR2016 faɗi ɗaya ne amma kauri 1.6, CR1616 kuma ya fi su ƙanƙanta. Duka volt 3 ne, sai dai wanda bai cika gurbinsa ba zai riƙa motsi, rimot ya yi aiki yau gobe ya ƙi. Sabon batir na ƙwarai yakan nuna sama da volt 3 kaɗan a mitar auna wuta. A duba alamar + kafin a cire tsohon, a goge ƙarafan da batir ke zama a kai da auduga da sifirit, a kuma duba ko dalmar da ta riƙe maɓalli ta tsage, abin da faɗuwa ƙasa ke yawan jawowa. Gwajin nan na haska rimot a kyamarar waya na talabijin ne. Na mota galibi da igiyar rediyo yake aiki, kyamara ba za ta nuna komai ba, mai rai ne ko matacce. A Peugeot 307 kuwa, bayan canjin batir rimot kan ɓace wa mota, maganinsa a murɗa makulli wuta ta kawo a dashbod, nan take a danna maɓallin kullewa na 'yan sakanni, a kashe, a zare.

To in ta tabbata sai an saya, a nan ne ake yawan faɗawa rami. Motocin da ake shigo da su ta Kwatano da Legas daga kasuwa biyu suke, kuma rimot ɗinsu ba a kan zangon rediyo ɗaya yake aiki ba. Na Amurka galibi a kan 315 MHz suke, na Turai a kan 433.92 MHz. Corolla biyu, shekara ɗaya, launi ɗaya, amma rimot ɗin wannan har abada ba zai yi magana da waccan ba. Kamannin kwanso ba hujja ba ce. Abin dubawa shi ne rubutun da ke bayan tsohon rimot ko cikinsa. Na Amurka suna ɗauke da lambar da aka rubuta FCC ID a gabanta: GQ43VT14T ga Corolla ta 2003 zuwa 2008 da Camry Big Daddy, HYQ12BBY ga Camry Muscle, OUCG8D-380H-A ga Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wato wadda ake wa laƙabi da EOD da wadda ta biyo bayanta. Harafi ɗaya in ya saɓa, a bar shi a shago. Wanda tsohon nasa ya ɓata gaba ɗaya ya je da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ita za ta nuna ƙasar da aka yi wa motar.

Bari mu ɗauki Corolla ɗin nan ta Amurka da Big Daddy, tunda su suka fi yawa a hannun jama'a kuma hanyarsu ce ta fi wahalar da mutane. A zauna a kujerar direba, makulli a hannu, ƙofar direba a buɗe, sauran ƙofofi a rufe. A zura makulli a rami a zare sau biyu cikin sakan 5, ba tare da an murɗa ba. A rufe ƙofar direba a buɗe, sau biyu. A zura makulli a zare sau ɗaya. A sake rufe ƙofa a buɗe, sau biyu. Sannan a zura makulli a bar shi ciki, a rufe ƙofa, a murɗa zuwa ON ba tare da tayar da inji ba, a dawo da shi, a zare. Kowane zagaye na ƙofa da makulli kada ya wuce sakan 40. In an dace, sakatun ƙofofi za su kulle su buɗe da kansu, kas-kas, alamar mota tana saurare. Yanzu a danna maɓallin kullewa da na buɗewa na sabon rimot tare, kamar sakan ɗaya da rabi, a saki, cikin sakan 3 a danna na kullewa shi kaɗai a ɗan riƙe. Sakatu su motsa sau ɗaya, ta karɓa. In suka motsa sau biyu, ta ƙi, a sake danna maɓallan. Buɗe ƙofar direba shi ke rufe zaman.

Wurin murɗa makullin nan akwai abin lura da mutane da yawa ba su sani ba. Murɗawa sau ɗaya ƙari ne, sabon rimot ya shiga, tsofaffi suna nan. Murɗawa sau biyu kuwa shafewa ce, motar za ta manta da duk rimot ɗin da ta sani, sai waɗanda aka danna mata a wannan zama. Tana riƙe har huɗu. A ganinmu duk wanda ya sayi mota ta hannu, ko rimot ɗinsa ya ɓata a kasuwa ko tasha, ta biyun ya kamata ya bi, domin bai san hannu nawa makullin ya ratsa ba. Ya dai tattaro na uwargida da na direba kafin ya fara, in ba haka ba gobe da safe za a tashe shi da ƙorafi. Kuma ya sani wannan shafewar rimot kawai ta shafa, ɓataccen makulli zai iya buɗe ƙofa da ƙarfensa ya kuma tayar da mota.

Honda ta fi sauƙi. A shiga a rufe duk ƙofofi. A murɗa makulli zuwa alamar II, wato ON, a danna maɓallin kullewa, a kashe. A yi haka sau uku, kada a bar tazarar da ta wuce sakan 4 tsakanin motsi da motsi. A karo na huɗu in an murɗa an danna, sakatu za su motsa. Cikin sakan 10 a danna kowane rimot da ake so ya yi aiki, har da wanda aka fara da shi, sannan a kashe. Uku take riƙewa, na huɗu in ya shigo sai ya ture na farko. Ford na Amurka na wancan zamani kuwa murɗawa takwas ce cikin sakan 10, a tsaya a ON, a danna maɓalli.

Mutum kan bi waɗannan matakai sau goma sakatu ko gezau, ya ɗora wa kansa laifin rashin sauri. Sau da yawa ba saurinsa ba ne. Mota ba ta ganin ƙofa, tana ƙirga buɗewa da rufewa ne ta wani ɗan maɓallin roba baƙi da ke jikin ginshiƙin ƙofa, wanda ke kunna fitilar rufi da alamar ƙofa a dashbod. In ya mutu, ko ƙura da tsatsa sun cinye shi, a wurin mota ƙofar ba ta taɓa motsawa ba. Haka akwai wani maɓallin a cikin ramin makulli, wanda ke sa mota ta yi ƙara in an buɗe ƙofa makulli na ciki. Wasu masu motoci da kansu suke sa a yanke wayarsa don ƙarar ta dame su, to da shi ne motar ke ƙirga zurawa da zarewa. Saboda haka kafin a fara, a buɗe ƙofa a ga alama ta kama, a zura makulli a ji ƙara. In ɗaya babu, a gyara shi tukuna. Bayan waɗannan sai batirin mota da ya yi sanyi, da fis da ya ƙone, da ɗan injin da ke jan sakata a cikin ƙofa wanda ya gaji. Akwai kuma motocin da aka sa wa na'urar ƙararrawa ta kasuwa bayan sun iso. Rimot ɗinsu ba na kamfani ba ne, wani akwati da aka ɓoye ƙarƙashin dashbod yake yi wa magana, don haka matakan Toyota ko Honda ba su shafe shi ba.

Iyakar abin da hannu ke yi ke nan a mafi yawan motoci. Daga wajejen 2010 kamfanoni suka riƙa toshe wannan hanya, ko rimot ma sai da na'urar da ake soka wa a soket ɗin OBD mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari. Ƙwayar tayar da inji kuwa dama can aikin na'ura ce a Honda da mafi yawan Toyota. Ford ce ta bar ƙofa, mai makulli biyu masu aiki zai iya ƙara na uku ta hanyar murɗa su ɗaya bayan ɗaya, mai guda ɗaya kuwa ba zai iya ba. A Toyota a duba jikin ƙarfen kusa da roba, za a ga ɗigo, ko harafin G, ko H. Kowanne irin ƙwayarsa daban, kuma ba sa maye gurbin juna. Makulli baƙi shi ne babba, mai ruwan toka na yaron mota ne, ba a ƙara sabo da shi. Peugeot, har da 406 da aka haɗa a Kaduna, tana neman lambar sirri mai gurbi huɗu da ke kan wani kati da ake bayarwa tare da mota, wanda akasari ya daɗe da ɓata kafin motar ta kai hannu na uku. Rimot ɗin motoci masu maɓallin tayarwa kuma, na Toyota in an taɓa ɗaura shi a wata mota ya kulle ke nan, sai an wanke shi da na'ura. Wanda ya sayi na hannu don araha sai ya biya kuɗin wanki a kai. In batirin irin wannan ya mutu a hanya, a zaro ɗan ƙarfen da ke ɓoye cikinsa a buɗe ƙofa, a manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, a taka birki a danna.

Wani kuskuren da ke tsayar da mota lafiyayya shi ne canjin kwanso. Roba ta fashe, an sayi sabon kwanso, an mayar da allon rimot da batir, an jefar da tsohon a bola. A makullai da yawa ƙwayar tana maƙale ne a wani lungu na tsohuwar robar, baƙa ko ta gilashi, ba ta fi ƙwayar shinkafa biyu ba. A ciro ta a hankali, ta gilashin ba ta jure matsin filaya. Kada a yar da komai sai mota ta tashi da sabon.

Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu masu sana'a su bar ɗabi'ar liƙe ƙwaya da salatif a jikin ramin makulli don kowane yankakken ƙarfe ya tayar da mota. Mai mota zai tafi yana murna an rage masa kuɗi, alhali an cire masa kariyar da ta fi kowace amfani a motar. Haka nan duk wanda ya zo yana neman a yi wa mota makulli alhali ba shi da ko ɗaya, a nemi takardun mota da katin shaidarsa kafin a taɓa na'ura.

Masu motoci kuwa, lokacin yin makulli na biyu shi ne yanzu da na farko yake aiki. Da makulli mai rai a hannu, ƙari ko kwafi aikin mintuna ne. In duka suka ɓata, sai an ja mota, an yanka ƙarfe daga jikin kwaɗo, wani lokaci an kwance dashbod an ciro akwatin tsaro an sake rubuta shi, kuɗin kuma ya ninka sau da yawa. In an yi sabon, a gwada shi a gaban mai aikin: ya buɗe ƙofa da ƙarfe, ya kulle da rimot daga nesa, ya tayar da inji alhali tsohon makullin yana can nesa da mota, domin in suna rataye a zobe ɗaya tsohon ne zai riƙa amsawa a madadin sabon.

Mun gode, Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu wayarin mota da yankan makulli, Kano.