Mutumina, kafin ka turo kuɗin burtsatsen nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da zaman Fatakwal? Mu nan Alhamdulillahi, an kai gero gida, yanzu kowa na kan riɗi da zoɓo, sanyi ma ya fara leƙowa da asuba. Hajiya na nan lafiya, ƙafar ce dai ke taɓa ta lokaci lokaci amma da sauƙi.

Na saurari saƙonka har ƙarshe, wanda kace kana so ka haƙa rijiyar burtsatse a garin nan ladan ya je wa Baba. Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa ya huta, kai kuma Allah ya saka maka, don ba kowane ɗa ne ke tuna mahaifinsa da irin wannan ba. Niyyar taka ma tana da asali, ai ka san lokacin da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Manzon Allah (SAW) wace sadaka ce tafi, aka ce masa ruwa, shi ne ya haƙa rijiya da sunanta. To ba hana ka zanyi ba wallahi, amma maganar tafi ƙarfin waya mai yankewa shi yasa na zauna na rubuto. Shawarata a taƙaice, kada ka fara da haƙa sabuwa.

Ka tuna famfon tuƙa-tuƙa na bakin firamare? Ya mutu tun bara. Hannun ya saki, yara ne ke lilo a kai idan an tashi tara, awaki kuma sun mayar da dandamalin simintin wurin kwana. Na bayan masallacin Juma'a shima sai ka tuƙa ka tuƙa kafaɗa ta gaji kafin ya ɗigo, na unguwar yamma kam an ma daina zuwa. Kuma ba wai ruwa ne ya ƙare a ƙasa ba, ruwa na nan. Da makanike ya zo ya buɗe na firamaren ina tsaye, ya zaro sandunan ɗaya bayan ɗaya ya jera su a ƙasa, can ƙarshe ya nuna min wata 'yar roba baƙa da ta cinye, ko tafin hannu bata cika ba, yace wannan ce ta hana unguwa guda shan ruwa. Irin wannan famfon Afridev ake ce masa, dama an ƙera shi ne don mutanen ƙauye su iya gyarawa da kansu, da sifana ɗaya zaka kwance kan ka zaro abin ciki ba sai an fito da bututun gaba ɗaya ba. India Mark II ne mai wahalar, shi sai an ɗaga bututu, sai da ƙarti da kayan aiki. To ka ga wanda akayi don a gyara shi a gida ma ya kwanta, saboda kowa cewa yake na gwamnati ne, ko na ɗan majalisar da ya kawo ne, a jira su. Idan ka haƙa sabo yau ba a gyara wannan tunanin ba, nan da shekara biyu ko uku za a ce na Alhaji ne, a jira ya zo sallah.

Shi yasa muka dage sai da kwamitin ruwa da tsafta ya dawo aiki, wanda ma'aikatan RUWASA, hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, ke kira WASHCOM. Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa aka yi ta ja-in-ja, wasu na cewa ruwan Allah ne don me za a biya, nace ai ba ruwan ake saya ba, roba da sanda da ladan makanike ake tara wa. Daga ƙarshe aka tsaya kowane gida ya riƙa bada ɗan abin da aka yanke duk wata, wanda bashi da kuɗi ya bada kwanon hatsi da kaka, zawarawa da tsofaffin da ba mai kula dasu an ɗauke musu. Ma'ajiya mace muka sa, kuma ni a ganina wannan ne abu mafi kyau da mukayi, tunda su da 'ya'yansu ne ke shan wahala idan famfo ya tsaya, ba zata bari a ranci kuɗin a kai biki ba. Asusun dai har yanzu jariri ne, bai kai ya tada famfunan da suka riga suka mutu ba.

Wani abin kuma da ba a cika faɗa ba, ko famfon na aiki ruwan na fitowa garau, a gida yake lalacewa. Ka shiga kowane gida ka kalli gindin randa. Moɗa na yashe a ƙasa kaji sun bi ta kai, yaro ya dawo daga wasa ko ma daga bayan gida, ya ɗauka ya zurma hannu har wuyan hannu ya kamfato ya sha, ragowar ya mayar ciki. Jarkokin ma idan ka leƙa cikinsu duk gansakuka, rabonsu da wanki an manta. A gidana mun koma bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi don na sha, randar kuma tunda uwargida tace ba zata rabu da sanyinta ba sai aka sa mata faifai aka samo moɗa mai dogon mariƙi ana rataye ta a ƙusa. Mutanenmu sun yarda da alif sosai, idan aka jefa ruwa ya kwanta yayi fari sai ace ya tsarkaka, alhali laka kawai yake kwantarwa, ƙwayar cuta na nan daram. Garin 'ya'yan zogale ma haka, yana kwantar da dauɗa amma bai isa shi kaɗai ba. Ruwan rijiya ko na gulbi sai an tafasa, ko a ɗiga maganin kulorin irin su WaterGuard yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira minti 30 kafin a sha. Itace yayi tsada na sani, amma bai kai kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ba.

Kai baka nan a daminar 2021 lokacin amai da gudawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta lissafa mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Jigawa da Kano da Bauchi da Zamfara su suka fi jin jiki. Bana son tuna wannan lokacin. Mutum zaku yi sallar asuba tare, kafin la'asar ido ya faɗa, fata idan ka ja ta sai ta tsaya bata komawa. Abin da yafi ci min rai shi ne da yawa rashin ruwa a jiki ne ke kashe su kafin a kai asibiti, alhali ruwan gishiri da sukari na iya riƙe mutum a hanya. Tun daga nan duk taron suna ko biki da aka bani dama sai na maimaita, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko a sayi na leda a kemis wanda yafi daidai, a riƙa bawa mara lafiya kaɗan kaɗan ana tafiya asibiti, yaro kuma a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kada uwa ta daina bada nono.

Idan na fara karaya sai in tuna kurkunu. Ka tuna muna yara yadda manya ke zaune a zaure da damina ƙafa a kumbure, ana naɗe farar tsutsar nan a jikin tsinke kullum a ja kaɗan don kada ta tsinke, gona kuma ciyawa ta cinye? A 1988 an ƙirga sama da mutum 650,000 masu ita a Najeriya. Ba allura ba ƙwaya, tace ruwa da ƙyalle ne da hana mai ciwon shiga tafki da samar da rijiyoyi, Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka yi ta bin ƙauyuka, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu ita a ƙasar nan. 'Ya'yanmu yanzu ko sunanta basu sani ba. Tsargiya ce dai har yau bata bar mu ba, yaran da ke wanka a kududdufi da fadama suna fitsarin jini, wasu iyayen ma gani suke alamar girma ce, sai an zo rabon magani a makaranta.

Sai maganar masai. Ka ji a rediyo a watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, duk ƙananan hukumomi 27, lokacin Badaru na gwamna, Injiniya Suleiman Adamu na ministan ruwa. Ni ban raina wannan ba ko kaɗan, don na ga aikin da idona, ma'aikatan RUWASA da na UNICEF da 'yan duba-gari sun zagaya damu bayan gari, aka tsaya a wurin da kowa ya sani amma ba mai faɗa, aka nuna mana ƙuda na tashi daga nan yana sauka a kan tuwo, kunya ta kama kowa, cikin 'yan makonni gidaje suka haƙa. Liman ma ya taimaka ƙwarai, yayi huɗuba a kan hadisin da ya hana biyan buƙata a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Amma takardar shaida bata riƙe rami. A wannan daminar ta 2022 ɗin ambaliya ta ci garuruwan bakin kogin Haɗeja, Ringim da Auyo da Miga da sauransu, ƙasarmu kuma rairayi ce, masan da ba a ɗaure cikinsa ba ruftawa yake, ruwa ya kwashi abin ciki ya kai rijiya. Wanda nasa ya rufta sau ɗaya kuma bashi da kuɗin bulo, ka san inda zai koma. Dole a ɗaure ramin da bulo ko tsofaffin tayoyi ko durom, a ɗaga bakinsa sama da ƙasa, a sa murfi saboda ƙuda, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30 kuma kada ya zama ta saman gangare. Kashin yara ma da ake ganin ba komai a watsa bayan ɗaki, shi yafi ɗaukar cuta, a saya musu fo a juye a masai.

Inda yafi damuna ba gidaje bane, tsangaya ce da firamare. Almajiran nan da yawansu ba inda zasu zaga sai kangon bayan gari, ba laifinsu bane. 'Yan matan aji biyar da shida kuwa idan al'ada ta zo musu gida suke zama tunda ba makewayi mai ƙofa ba ruwa, daga nan wata bata sake dawowa ba. Wanke hannu kuma muna da buta muna da alwala, amma ruwa zalla bayan tsarki bai wadatar ba sai da sabulu, in babu ko toka ce. A makaranta jarka muka huda muka rataye a itace da igiya da ɗan sandan takawa, yaro ya taka ruwa ya zubo, sabulu na rataye a gefe cikin raga don kada akuya ta ɗauke, kuma yaran sun fi manya riƙo da abin.

To ga abin da nake gani, in ka yarda. A fara tada famfunan nan da suka mutu, kuɗin da zai tada su duka bai kai na haƙa sabo guda ba. A sayo robobi da sanduna da sauran kayan gyara a ajiye wurin ma'ajiya a rubuce a littafi, a biya makanike ya koya wa samari biyu da mace ɗaya gyaran. Sannan a gina makewayi a tsangaya da firamare, na mata daban. Na tambayi Liman ko ladan zai kai ga Baba in gyara akayi ba sabuwa ba, yace duk wanda ya sha ai an shayar dashi. Idan kuɗi ya ragu kuma har yanzu ranka na kan mai sola da tanki, ban ƙi ba, unguwar arewa na buƙata, amma a kawo masu auna ƙasa tukuna, a haƙa da bazara lokacin da ruwa yayi ƙasa sosai don kada rani ya zo ta ƙafe, a kai ruwan a gwada, a kewaye faifan solar saboda ɓarayi, kuma kada a bawa ɗan kwangila kuɗinsa duka sai an ga ruwa na zuba.

Ka yi shawara da Yaya Babba da su Hajiya tunda ladan na mahaifinku ne gaba ɗaya, kada suji daga sama. Zan turo maka hotunan famfunan ta WhatsApp da lissafin makanike da zarar ya kawo, ka duba ka faɗa min abin da kuka yanke kafin sanyi ya wuce don mu samu magina tun basu tafi ci-rani ba.

Ka gaida amarya da yara, uwargida na gaishe ku, mai unguwa ma yace in miƙa gaisuwa. Allah ya ƙara buɗi, ya kai ladan kabarin Baba.

Naka har kullum,
abokinka na gida